Kuskuren da Ba Ta Gyara Ba

Shekarar da nake aji na uku a kolej na kai wa Maraɗi hari. Ba ni kaɗai ba, ni da mutanen sama. A cikin wani kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango na yi wannan ɓarna, kayen da Baba ya saya mini don darasin lissafi, ni kuwa na ga lissafi bai cancanci takarda mai kyau haka ba. Na sauko da su cikin jirage masu kama da faifai, kowanne da ido ɗaya a tsakiyar goshi, suka tsaya bisa babbar kasuwa suna zuƙe mutane da haske. A tele na fara ganin irinsu, cikin finafinan da ake juyawa da Faransanci, kuma abin da ya daɗe yana ba ni haushi shi ne kullum a garuruwan Turawa suke sauka, sai ka ce mu nan ba mu isa a kula mu ba. Don haka na gyara musu hanya. Na ƙone Sabon Gari ƙurmus, na ƙyale unguwar Zariya saboda gidanmu na ciki, na kwashe lambunan Jiratawa da zogalensu na nufi duniyar wata da su, don waɗanda suka tsira su samu abin yin kwaɗo.

Ina tsakiyar wannan aiki, a ƙarshen damina, ɗiyar gwaggona ta zo gidanmu. Wannan karon ba hutu ta zo ba.

Gwaggo ƙanwar Baba ce, aure ya kai ta wani ƙauye a ƙetaren iyaka, cikin Najeriya. Ɗiyarta tsarata ce, wata huɗu kawai na ba ta, kuma taubashiyata. Ni ɗiyar namiji, ita ɗiyar mace, saboda haka tun muna ƙanana nake kiran ta baiwata, ita kuma tana kira na mai kan tulu. Gaskiya ina da kai, amma bai kai yadda take yayatawa ba. Duk hutun da ta zo, gidanmu ba ya zama lafiya. Ta taɓa cika mini jakar makaranta da fara masu rai. Ni kuma na taɓa ɗinke zanenta da tabarma tana barcin rana, ta tashi tana jan tabarma har tsakar gida. Babu mai ikon tsawata mana, wasan taubasai ne, ko Baba da ba a dariya a gabansa sai ya kau da kai yana gyaran murya.

Abin da aka gaya mana mu yara kaɗan ne. Ƴan bindiga sun shiga ƙauyensu bisa babura, mutane sun watse. Gwaggo da mijinta da ƙananan yaran sun samu wurin zama a Jiratawa, gidan wani ɗan'uwansa mai lambu, amma ɗaki ɗaya ne, shi ya sa Baba ya ɗauko babbar ya kawo ta wurinmu. Kakarta ta wajen uba, wadda a ɗakinta ta tashi, an ce ta rasu a hanya. Daga nan manya suka rufe baki.

Ranar da ta iso na tare ta a zaure da tsintsiya a hannu. Na ce baiwata ta iso a kan lokaci, tsakar gida na jiran ta. Ta dube ni, ta ɗan rusuna, ta ce mini ina wuni. Ni. A duk zagin da ta taɓa yi mini babu wanda ya yi mini ciwo kamar wannan gaisuwa. Ban gama tsayuwar mamaki ba Inna ta ja ni madafa ta murɗe mini kunne, ta ce daga yau babu wasa, babu tambaya, in kuwa ta ji na tsokane ta sai na gane ita ta haife ni.

Gidan gaba ɗaya ya shiga lallaɓa ta kamar ƙwai. A ba ta tsoka mai kyau, a hana ta wanke-wanke, a rage murya in ta shigo. Ita kuma tana karɓa tana cewa na gode. Matsalar ita ce gidanmu a bakin hanya yake, Maraɗi kuwa garin kabu-kabu ne, baburan haya. In babur ɗaya ya wuce sai dai ta ɗaga kai. In uku ko huɗu suka wuce tare, ko loma ce a hannunta sai ta aje, ta miƙe ba gudu ba, ta shige mangazar Baba, ɗakin da yake jibge buhunan gero da wake, ta zauna can bayan buhuna. Daga baya ma ta daina jiran baburan, can ta koma wuni.

Da zan ce tausayi ne ya fara kama ni, da na yi ƙarya. Haushi ne. An kawo mini mutum mai fuskar taubashiyata, mai muryarta, amma ba ita ba ce, kuma kowa ya yarda da wannan musaya sai ni. Ni tawa nake so, mai bakin nan kamar barkono. So nake ta sake ce mini mai kan tulu, ko sau ɗaya. Na gwada ta bayan idon Inna. Na zuba mata gishiri a fura, ta shanye. Na ɓoye mata takalmi ɗaya, ta wuni ba takalmi. Na ɗaura kallabinta na zo ina yanga a gabanta, ta ce ya yi mini kyau. Ranar na koma ɗaki na yi kuka don takaici.

Mangazar nan kuwa tun kafin zuwanta ofishina ce. Ranar Laraba da yamma ba a komawa makaranta, sai in hau kan buhu in rubuta babi, in karanta wa buhunan gero da ƙarfi, don su ne kaɗai masu sauraro da ba su taɓa katse ni ba. Bayan an buɗe makaranta da wasu makonni na yi shawara da kaina, na ce tun da ta zaɓi zama buhu, buhu zan ɗauke ta. Na shiga, na hau mazaunina, na buɗe kaye.

Babin ranar na gudun jarumar labarina ne, wata kyakkyawar yarinya mai ɗan madaidaicin kai. Jiragen sun rufe sama, kowa na ihu. Jaruma ta shiga ɗaki, ta buɗe akwati, ta ninke atamfofinta ɗaya bayan ɗaya, ta saka turare da madubi, ta kulle ƙofa, ta kai wa maƙwabciya makulli.

"Wanga ƙarya ce."

Daga bayan buhunan wake muryar ta fito. Na yi kamar ban ji ba, na sake karanta wurin makullin.

"Wa ya hwaɗa miki ana ɗaukar akwati? Ko takalmi ba ka tsayawa nema."

Na ce ai waɗannan mutanen sama ne, ba ta san halinsu ba, suna ba da lokaci. Ta ce ko mutanen mi ne, gudu dai ɗaya ne. Wata biyu tana gidan, wannan ne karo na farko da ta ce mini na yi ba daidai ba. Na ɗauki bik, alƙalamina, na soke maganar akwatin a gabanta, ina ƙunƙuni don kada ta ga na ji daɗi.

Daga ranar na gane inda zan kama ta. Gishiri a fura ba ya motsa ta, amma ƙarya a kan gudu ba ta iya haɗiye ta. To, ƙarya kuwa ba ni da talaucinta. Na bar rubuta labari don ya yi daɗi, na koma rubuta shi don ya ba da haushi. Ko a aji, malami na kan allo yana fama da ƙasashen duniya, ni ina ƙarƙashin tebur ina ƙirƙiro wa jarumata sabuwar wauta.

Laraba ta gaba na sa mata farin mayafi mai walƙiya da takalmi mai tsini. Taubashiyata ta ce farin kaya shi ake fara hangowa, cire shi ake a cusa cikin zane, ko a birkiɗa shi cikin taɓo. Na sa jaruma ta bi kwalta tiryan-tiryan zuwa Tibiri. Ta ce hanya ta masu abin hawa ce, mai ƙafa gona yake faɗawa, in gero ya yi tsawo ka gode wa Allah, ka tafi a duƙe, kada ka taɓa kara ya motsa daga sama. Na sa jaruma ta ɓuya cikin rumbu. Ta yi tsaki, ta ce rumbu shi suke fara buɗewa, in sun kwashe su cinna masa wuta. Na sa ta kira ƙawarta a waya daga maɓoya suna hira. Wannan karon sai da ta zagayo daga bayan buhuna ta tsaya a kaina, ta tambaye ni ko jarumar nan tawa uwarta ba ta yi mata tarbiyya ba ne. Ta ƙwace bik ɗin daga hannuna, ta soke shafin da kanta, ta rubuta a gefe cewa a kashe waya, a rufe wa jariri baki da nono, a nisanci zabi don su ne masu tona asiri.

A hankali na san abubuwan da babu wanda ya gaya mini a gidan. Na san da la'asar ƴan bindigar suka shigo, ranar kasuwar ƙauyen, ana tsakiyar daka. Na san ƙarar babura da yawa daga nesa kamar injin niƙa take, har sai ta matso. Ba ta taɓa cewa ni ko mu ba. Kullum cewa take ana yin kaza, ba a yin kaza, kamar mai koya mini dafa miya.

Mun yi rigima sosai a kan abin da mutanen sama suka zo nema. Ni na rubuta cewa ƙwaƙwalwar ƴan Maraɗi suke so su bincika, saboda iya kasuwanci. Ta ce shanu suke so, da hatsi, da wayoyi, sai su tambayi gidan mai hali. Ta kuma ce in gyara maganar ido ɗaya, ido biyu gare su kamar na kowa, wani ma in ya yi magana sai ka ji kamar ka taɓa jin muryar a kasuwa. A nan na turje. Na ce komai na yarda ta soke, amma idon nan nawa ne, a bar mini. Ta yi ɗan tunani, ta ce a bar shi, ya fi sauƙi.

Wata Larabar muna cikin musu, murya ta hau murya, na hangi inuwa a bakin ƙofa. Inna ce tsaye da faifai, tana tsince wake wanda na san tun safe aka tsince shi. Na shirya kunnena. Ba ta shigo ba. Da aka raba abinci na tarar da tsoka biyu a ƙarƙashin tuwona, ba ta kuma dube ni ba, ni ma ban yi godiya ba.

Sai dai har yanzu ban samu abin da nake nema ba. Tana gyara, tana tsaki, har harara ta dawo, amma ba ta yi dariya ba, sunan nan nawa kuma bai fito daga bakinta ba. Na ce a raina ƙananan ƙarairayi sun yi iyakar ƙoƙarinsu, saura uwar ƙarya, wadda in ta ji ba za ta iya riƙe kanta ba.

Ina da kaka ta wajen Inna a Tibiri, Hajiya ce mai jiki, wadda in za ta shiga mota sai mutum biyu sun taimaka, ɗaya na ja ɗaya na turawa, ita kuma tana zagin su duka. Ita na ɗauko na saka a labarin. Na rubuta cewa jirgin ƙarshe mai zuwa wata yana tsaye a lambunan Jiratawa, jaruma kuma tana Tibiri da kakarta mai ciwon gwiwa. Sai ta durƙusa, ta goya tsohuwa, ta tamke zane, ta zuba da gudu. Ta ratsa fadama, ta ratsa Maraɗi daga wannan baki zuwa wancan, tana tsallake kabu-kabu, tsohuwa na bayanta tana cin goro tana nuna mata hanya. Ba ta faɗi ba, ba ta huta ba, ba ta sauke ta ba sai a kan kujerar jirgi. Ina rubutawa ina dariya ni kaɗai, ina hango ƙafafun Hajiya na jan ƙasa. Na san kakar taubashiyata ta rasu, an faɗa a gabana. Amma ko sau ɗaya tunanina bai je can ba. Kan ne babba, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba.

Na karanta mata da duk iyawata, har da kwaikwayon muryar tsohuwa. Da na kai ƙarshe na miƙa mata bik, ina danne dariya, ina jiran ruwan zagi.

Ba ta karɓa ba. Tana zaune a kan buhun gero, hannuwanta a cinya.

"Sake karantawa," ta ce.

Na sake, wannan karon ba kwaikwayo. Da na gama na ce mata ai na san ba a iya haka, ko ba gaskiya ba, yarinya ba ta goya tsohuwa tun daga Tibiri har Jiratawa, ta soke kawai. Na tura mata kayen har ya taɓa gwiwarta.

"Bar shi haka nan."

Sai a lokacin na tuna da kakarta. Na so in ja maganar in mayar, babu hali.

Ta faɗa mini, ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan karon da "ni" ta yi maganar. Lokacin da ƙarar ta matso, uwarta ta kwashi ƙanana ta yi gaba, ubanta yana kasuwa, ita ce a ɗakin tsohuwa. Ta goya ta, ta fita ta bayan gida, ta faɗa gona. Ta ƙetare gona biyu. Ta faɗi sau ɗaya ta tashi, ta sake faɗi, tsohuwa ta bugu a ƙugu. A gindin wani kalgo tsohuwa ta ce ta sauke ta, ta ruga ta kira ubanta ya zo ya ɗauke ta, ita za ta jira. Ta ce ta san ba kiran kowa ake aika ta ba, tsohuwa ma ta san ta sani. Ta gyara mata zama, ta ja reshe ta rufe ta, ta tafi. Sai bayan kwana biyu maza suka iya komawa. A nan gindin kalgon suka same ta, babu wanda ya taɓa ta, amma rai ya yi halinsa.

"Kowa haƙuri shika ba ni," ta ce. "Babu wanda ya tambaye ni gona nawa na kai ta."

Ni da nake ƙone unguwa guda kafin a kira la'asar, na rasa kalma ɗaya. Kunya ta rufe ni, na fashe da kuka, irin mai majina, na shiga tona wa kaina asiri. Na ce da gangan nake yi. Akwatin ne kawai kuskuren gaskiya, amma farin mayafi, da kwalta, da rumbu, da waya, duk tarko ne na ɗana mata don ta yi magana. Na ce wannan na yau ma tarko ne, Hajiyar Tibiri nake nufi, wallahi ban tuna ba. Na ce ta yafe mini, in ta so in yaga kayen yanzu a gabanta.

Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ja gefen zanenta ta share nata idon, ta dube ni sama da ƙasa.

"Tun daga takalmi mai tsini na gane," ta ce. "Ke wawuya ce, amma ba ki kai haka ba. Share hancinki, mai kan tulu, kina jiƙa wa Kawu gero."

Wata uku ina farautar sunan nan, ya zo mini a lokacin da ba ni da bakin ramawa. Na yi dariya cikin kuka har na shaƙe, ita ma ta yi, kaɗan, amma dariya ce. A waje wasu kabu-kabu suka wuce a jere. Na ga kafaɗarta ta ɗaga, ta saurara har suka yi nisa, sannan ta ce in buɗe sabon shafi, tana da aiki. A duniyar wata, in ji ta, a ba tsohuwa ɗaki mai kallon lambu, a warkar mata da gwiwa, kada goro ya yanke mata. Sarkin mutanen sama kuma a ƙara masa girman kai, ta san wanda za a kwatanta. Na rubuta duka, ban yi musu ba.

Ba a ranar ta warke ba. Ta daɗe ba ta hau babur ba, kuma har yau in muna hira a gidanta, tana da aure da ƴaƴa, wani lokaci sai in ga ta tsaya tsakiyar magana tana sauraren hanya. Amma a satin nan na buɗe jakata a aji, fara uku suka yi tsalle suka faɗa kan teburin malami, aka kore ni waje, na fita ina murmushi kamar wadda aka ba kyauta.

Kayen yana nan a ƙasan akwatina. Ban taɓa ƙarasa labarin ba, mutanen sama suna nan tsaye bisa babbar kasuwa. In ka buɗe, kusan kowane shafi a soke yake, da rubutunta a gefe, wani wurin har takarda ta huje don ƙarfin hannu. Shafi ɗaya ne babu ko ɗigo. Yarinya ta goya kakarta daga Tibiri, kuma ba ta sauke ta ba.